Ga mai ƙira, ina abokin karawarsa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani irin labari da ba ya yankewa a jaridunmu da gidajen rediyonmu, wato labarin yaron da ya ƙera wani abu. Yau a ce ga matashi ya haɗa motar haƙa ƙasa da kwali da sirinji, gobe ga wani ya yi jirgin sama mai tashi da rimot, jibi ga wani ya yi jirgin ruwa da gwangwani. A ɗauki hotonsa, jama'a su yi ta sa albarka, shi kuma ya rufe da kira ga gwamnati da masu hannu da shuni su tallafa masa. Bayan mako biyu ba mai sake jin ɗuriyarsa.

A ganina ba kuɗi ne farkon abin da yaran nan suka rasa ba. Abokin karawa suka rasa. Kowannensu shi kaɗai yake ƙira a soron gidansu, ba wanda zai kawo nasa ya ajiye kusa da nashi a ga wanne ya fi, ba kuma ma'auni ɗaya da za a gwada su da shi. Wanda bai taɓa shan kaye ba, ina zai san inda aikinsa yake da rauni? Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwar faɗin haka shi ne wata harka da na tsunduma cikinta a nan Ingila, kuma ina so in bayyana ta dalla-dalla, don masu karatu su auna da kansu.

Ni mutumin Yawuri ne, aikin lantarki ya kawo ni arewa maso yammacin Ingila. A lokacin hutuna ina ƙera jiragen ruwa masu tafiya da iska, waɗanda ake sarrafawa da rimot daga bakin tafki, kuma ina shiga tsere da su. Kada mai karatu ya ɗauka irin na yara ne da ake sayarwa a kanti. Wanda nake tsere da shi yanzu tsawonsa ya kusa mita 2, nauyinsa ya ɗan haura kilo 15, sandar da ke ɗauke da ƙyallensa, wato abin da iska ke turawa, kuwa ta wuce mita 2 daga saman jirgin. Ba shi da inji, ba shi da farfela. Batirin da ke cikinsa aiki biyu kawai yake yi: yana motsa allon sitiyari da ke ƙarƙashin ruwa ta baya, yana kuma juya wani ɗan moto mai naɗe igiya, wanda ke jawo ƙyallaye biyun ko ya sassauta su. Iyakar abin da ke hannun matuƙi ke nan. Sauran duk tsakaninsa da iska ne.

Duk ɗan'uwan da na nuna wa bidiyo, tambayarsa ta farko ɗaya ce: yaya jirgi marar inji yake tafiya wajen da iska take fitowa? Ba ya iya fuskantar ta kai tsaye, amma yana iya karkata da kusan digiri 45, ya yi gaba ta dama, ya juya ya yi gaba ta hagu, da haka har ya isa. Ƙyallen ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da ciki. Iska tana bi ta bayan cikin nan ta ja shi gaba da gefe lokaci guda. A ƙarƙashin jirgin akwai wani dogon allo siriri da ke nutse cikin ruwa, shi ne yake hana jirgin zamewa gefe, sai ƙarfin da ya rage ya zama tafiya. A ƙarshen allon an ɗaura curin darma mai nauyi, wanda ke hana iska kifar da shi. A yawancin jiragen nan fiye da rabin nauyin duka a curin nan yake.

Jiragen aji-aji ne, kowane aji da dokarsa ta ma'auni. Nawa ɗan ajin A ne, wanda shi ne mafi girma cikin azuzuwan da aka amince da su a duniya. Dokarsa ta samo asali ne a 1922, daga Manjo Malden Heckstall-Smith, editan wata mujallar jiragen ruwa a Landan. Lissafi ne da ya haɗa abu uku: tsawon jirgi a layin ruwa, nauyinsa, da faɗin ƙyallensa. In ka ƙara tsawo, wanda ke kawo gudu, doka za ta rage maka ƙyalle. In ka ƙara nauyi, za ta ƙara maka. Ba ka samun komai a ɓagas, kuma shekara ɗari ke nan masu zane suna neman inda daidaiton ya fi riba, har yau ba a gama ba. Kafin a ba jirgi takardar shiga gasa sai mai awo ya sa shi a kwamin ruwa, ya duba inda ruwa ya tsaya masa, ya ɗora shi a sikeli, ya bi ƙyallen da tef.

Akwai waɗanda suka fi nawa girma, musamman a Amurka, wato kwaikwayon jiragen ajin J. Wannan suna yana da labarin da ya taɓa teburin mai shayi na kowace unguwa a ƙasarmu. Sir Thomas Lipton, attajirin Glasgow wanda sunansa ke jikin ganyen shayin da muke sha, ya nemi Kofin Amurka, kofin tseren jiragen iska mafi daɗewa, har sau biyar, daga 1899 zuwa 1930, bai taɓa ɗauka ba. Jirginsa na ƙarshe, Shamrock V, ɗan ajin J ne, kuma Enterprise na Harold Vanderbilt ne ya kayar da shi a 1930. Sau uku kacal aka yi gasar kofin da jiragen J, a 1930 da 1934 da 1937. Na ƙarshensu, Ranger, tsawonsa ƙafa 135, ya doke Endeavour II sau huɗu a jere, sannan aka farfasa shi a 1941 lokacin yaƙin duniya na biyu. Yau masu ƙira suna rayar da waɗannan jirage a kashi ɗaya cikin 16 na girmansu. Ranger a wannan ma'auni ya haura mita 2 da rabi, sandarsa wajen mita 3. Mutum ɗaya ba ya ɗaga shi, a kan ɗan amalanke ake gangara da shi cikin ruwa.

A nan ne lissafin da muka yi a makaranta ba mu san amfaninsa ba ya fito mini fili. In ka rage jirgi sau 16 ta kowane ɓangare, faɗin ƙyallensa yana raguwa sau 256, wato 16 sau 16. Amma nauyinsa yana raguwa sau 4,096, wato 16 sau 16 sau 16. Ranger tan 166 ne, ka raba da 4,096, za ka samu kilo 40 da ɗan ɗori. Ka ga ƙaramin ya fi babban yawan ƙyalle nesa ba kusa ba, in aka gwada da nauyinsa. Ita kuwa iska ba wanda ya rage ta. Iskar da ke gudun kilomita 10 a awa, a wajen ƙaramin daidai take da mai kilomita 40 a wajen babban. Dalili ke nan da ya sa ake ƙara wa na kwaikwayo zurfi a ƙasa, ake kuma tara darma can gindi. Yaron da ya taɓa ganin jirginsa ya kwanta a ruwa saboda wannan, ba zai ƙara mance bambancin faɗi da cika ba har ya tsufa.

Bari in kai mai karatu wajen aikin kansa, domin a can ne zuciyata take. Wanda ya koya mini wani dattijo ne, tsohon makanikin jiragen kamun kifi, kuma da katako ya koya mini, ba da faiba ba. Ana fara da allo miƙaƙƙe sambal, a ja layi a tsakiyarsa. Daga zanen jirgin ake yanko siffofin cikinsa a filawud, kamar goma ko fiye, a kafa su a jere a kan allon, jirgin yana kife, gindinsa sama. A bi bakin kowace siffa da tef don kada gam ya kama ta, tunda cire su za a yi daga baya. Sai a tsaga katako marar nauyi siri-siri, kaurin milimita 3, faɗin abin da bai wuce yatsa ba. Ɗaya bayan ɗaya ake ɗora su, a shafa gam a gefe, a matse da na kusa da shi, a soke da allura. Dokar dattijon nan ita ce: in ka sa ɗaya a dama, ka sa ɗan'uwansa a hagu kafin ka tashi. In ka cika gefe ɗaya tukuna, katakon zai ja siffofin ya murɗe jirgin, kuma murɗaɗɗen jirgi har abada gudunsa ta dama daban, ta hagu daban. Wajen goshi da wajen baya, inda jikin ke tsukewa, kowane tsagi sai an fere shi da hannu ya yi tsini kafin ya zauna. A dare ɗaya in ka sa huɗu ka yi ƙoƙari.

In an rufe duka sai guga. Ana manna samfefa a jikin doguwar sanda mai lanƙwasuwa, a yi ta bi a karkace, ba a tsaye wuri ɗaya ba. Dattijon yakan kashe fitila ya ce in bi jikin da tafin hannu, domin hannu yana jin tudun da ido ba ya gani. Daga nan a shimfiɗa yadin faiba mai laushi, a jiƙa shi da gam mai haɗi biyu, a kankare duk wanda ya yi yawa. Kowane giram da ka bari a gangar jirgi, giram ne da ka hana curin darma, inda yake da amfani. Ranar da aka zare siffofin aka juyo gangar, ka ɗauke ta da hannu ɗaya ka ji ba nauyi amma ta yi tauri, wallahi daɗin da ake ji ba ya misaltuwa.

Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne, cikin katakon da shagunan masu wannan sana'a ke sayarwa a nan da tsada, a 'yan tsage-tsage, akwai obeche. Itacen dazukan Afirka ta Yamma ne, har da kudancin Najeriya, kuma yana jibge a kasuwannin katakonmu.

Ƙyallen ma ba ɗinki ake yi ba. Da wata leda mai ƙarfi marar miƙewa ake yin sa, irin wadda masu zanen gini suke zane a kai. Ana yanka ta gida-gida, a haɗa da tef mai gam ciki da waje, amma bakin kowane gida an ɗan lanƙwasa shi da milimita ɗaya ko biyu. Wannan 'yar lanƙwasa ita ce ke ba ƙyallen ciki. Ka ƙara milimita ɗaya, jirgi ya yi ƙarfi amma ya kasa matsawa kusa da iska. Ka rage, ya matsa amma ya rasa ƙarfin ratsa igiyar ruwa. Kowane jirgi kuma yana da ƙyallaye manya da ƙanana, ana sauyawa gwargwadon ƙarfin iskar ranar.

To, duk wannan wahala ba ta da ma'ana sai ranar tsere. Ana jefa alamomi masu yawo a ruwa, ɗaya can saman iska, wasu a ƙasanta, biyu kuma su zama layin tashi. Jirage goma sha ko ashirin suna kai-kawo a bayan layin, lasifika tana ƙirga daƙiƙoƙi a juye. Mu matuƙa muna tsaye kafaɗa da kafaɗa a bakin tafki, ba mai magana. Burin kowa ya iso layin da cikakken gudu daidai lokacin da aka buga ƙararrawa. Ka riga da taki ɗaya, a kira lambarka, ka koma ka sake. Ka makara da daƙiƙa uku, ka faɗa cikin gurɓatacciyar iskar da ƙyallayen na gaba suka bari, ka ga jirginka yana nishi suna tafiya. Kana tuƙi kana tafiya a bakin ruwa, ido ɗaya a kan jirginka, ɗaya a kan fuskar tafkin, domin inda ruwa ya yi duhu ya yamutse, nan iska ke saukowa. In jirgin ya juyo yana fuskantarka, damarka ta zama hagunsa, kuma sai yatsu sun saba kafin kai ya daina lissafi. Mafi wuya shi ne alamar da ke nesa: daga mita 60 ko 70, gane ko ka wuce ta ko da saura aiki ne na shekaru.

Dokokin da muke bi su ne na manyan jirage, waɗanda ake amfani da su a gasar Olamfik, ana sabunta su duk shekara 4, an kuma ware wa masu rimot sashe guda a ciki. Wanda iska ke bugunsa ta hagu shi ke kauce wa wanda take bugu ta dama. In ta gefe ɗaya take bugunku kuna jere, na saman iska ya kauce wa na ƙasa. In kun iso alama, daga tazarar tsawon jirgi huɗu, na waje ya ba na ciki hanya. Wanda ya karya doka ko ya taɓa alama, shi da kansa zai ware gefe ya yi juyi ɗaya cikakke kafin ya ci gaba. Na ga dattijon nan yana kan gaba a tsere, jirginsa ya shafi alama can nesa, ba wanda ya lura, ni ma da ke kusa da shi ban gani ba. Ya faɗi lambarsa da ƙarfi, ya ware, ya yi juyinsa, jirage biyar suka wuce shi. Ba wanda ya yaba masa, domin a wajensu abin da ake yi ke nan. Ina son yaranmu su tashi a inda wannan ya zama ruwan dare.

Akwai kuma tsarin da ke hana rauni ya kori mutum. In jirage sun yi yawa ana raba su rukuni-rukuni. Rukunin ƙasa ke fara tsere, 'yan kaɗan da suka zo kan gaba su haura rukuni na sama nan take, na ƙarshen rukunin sama su gangaro. Haka ake yi a kowane zagaye. Sabon shiga yana karawa da sa'o'insa, amma ƙofa a buɗe take ya kai ga zakaru a yini ɗaya. Maki kuwa na ɗaya yana samun 1, na biyu 2, mai mafi ƙarancin jimla shi ya ci, kuma ana yafe wa kowa mafi munin sakamakonsa bayan an yi wasu zagaye.

Harkar ta girmi rediyo da nisa. Ƙungiyar da ke tsere a tafkin Round Pond na lambun Kensington a Landan ta kafu tun 1876, ƙungiyar ƙasa ta Birtaniya kuma a 1911. A San Francisco an haƙa tafkin Spreckels musamman don wannan a farkon ƙarnin da ya wuce. Masanin lantarki Nikola Tesla ya nuna jirgin ruwa mai bin umarnin rediyo, wato irin na rimot, a New York tun 1898, amma sai bayan shekaru da dama abin ya zo hannun talaka. Kafin nan sakin jirgi ake yi ya tuƙa kansa. Ana kafa masa wani ɗan fiffike a baya, wanda iska ke juyawa, shi kuma ya juya sitiyari. Mai jirgi ya saita, ya saki, abokinsa yana ɗaya gefen tafkin da gora a hannu, in jirgin ya iso ya juya shi. Har yau ana wannan tsere a garuruwan Fleetwood da Gosport na nan Ingila da manyan jiragen ajin A, kuma na je na gani: dattawa da jikokinsu suna gudu a bakin tafki. Na kawo wannan ne da gangan, don a san ko rimot babu ana iya farawa.

Abin da ya yaɗa harkar a duniya kuwa doka ce mai sauƙi. A 1930 wani mutum mai suna Roy Clough a garin Marblehead na Amurka ya kawo doka mai layi biyu: tsawo inci 50, ƙyalle murabba'in inci 800, sauran kuma kowa ya yi dabararsa. Cikin 'yan shekaru ajin ya tsallaka teku, har yau yana nan da sunan garin. Da aka ga jiragen wannan aji sun koma na masu kuɗi saboda tsadar kayan zamani, sai a 1988 Jan Dejmo ɗan Suwidin ya tsara ajin mita ɗaya. Tsawo kada ya wuce mita 1, nauyi kada ya gaza kilo 4, allon ƙasa da curinsa tsakanin kilo 2.2 da 2.5, zurfi kada ya wuce milimita 420, ƙyallaye kala uku masu ƙayyadadden ma'auni, an kuma hana amfani da zaren kabon mai tsada a gangar jirgi, don mai katako ya iya karawa da mai faiba. An yi gasar duniya ta farko a Faransa a 1994, daga baya ta je Malta da Kuroshiya da Kanada da Ostireliya da Barbados da Burazil. A 2011, a West Kirby da ke kusa da Liverpool, Peter Stollery ya lashe ta da wani sabon zubi na Brad Gibson mai suna BritPOP, kuma nan da nan masu zane a ko'ina suka koma kan teburinsu suna neman abin da ya sa ya fi nasu. Haka ƙira take ci gaba. Ba wanda ya ba su kwangila, kaye ne ya tashe su.

Na san abin da wani zai ce: ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, kai kana kawo mana wasan Turawa masu fansho. Ban raina wannan magana ba, ina da 'yan'uwa a gida, na san halin da ake ciki. Gaskiya ne kuma sabon jirgin gasa na ajin mita ɗaya yakan haura fam dubu biyu a nan, ba kuma shi nake cewa a sayo ba. Amma yaranmu ai suna ƙira tun kafin a ba su izini. Wanene cikinmu bai yi motar kara ko ta langa-langa ba? Kuma tsere a ruwa ba baƙonmu ba ne: ga Rigata a Yawuri, ga tseren kwale-kwale a bikin Argungu. Abin da nake nema bai fi ƙarfin makarantar koyon sana'a guda ɗaya ba. Malami ɗaya ya rubuta doka a shafi ɗaya: tsawo mita 1, nauyi kada ya gaza kaza, tsayin sanda kada ya wuce kaza, gangar jirgi da katako ko kwano, ba inji. Ya aika wa makarantu uku na kusa, a sa rana bayan wata huɗu. A shekarar farko a yi na saki, daga wannan gaɓa zuwa waccan. Jirgi ɗaya zai haɗa ɗalibin kafinta da na walda da na lantarki da tela, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya zo na ƙarshe zai je ya tsuguna gaban jirgin da ya ci, ya duba, ya tambaya, ya koma ya gyara. Wannan tsugunon shi ne abin da hoto a jarida ba ya bayarwa.

Ruwa muna da shi: Tiga da Bagauda da Challawa a jihar Kano, tafkin Jabi a Abuja, Goronyo a Sakkwato, da ƙananan madatsai birjik. Iskar hunturu kuma tana kaɗawa daga gabas maso arewa kwana da kwanaki ba ta sauya ba, abin da matuƙan nan suke roƙo ba su samu. Sai dai a zaɓi wuri da hankali. Ana son inda ba kachala ba kainuwa, domin ciyawa ɗaya in ta maƙale a allon ƙasa ta tsayar da jirgi. Ana son gaɓa mai tauri da zurfin da ya kai gwiwa tun daga baki. Lallai a samu kwale-kwale da masunci a kusa don ɗauko jirgin da ya lalace, a kuma kafa doka mai tsanani cewa ba yaron da zai yi iyo ya bi jirginsa. Ruwan kwance kuma yana ɗauke da tsargiya, don haka a yi ɗan dandamali na katako da za a riƙa sakin jirage daga kai.

Gargaɗina mafi girma a kan darma ne. A nan ma manya ne kaɗai ke narka ta, a fili, da safar hannu da abin rufe fuska, kuma ɗigon ruwa ɗaya a cikin mazubi yana sa ta fantsama a fuskar mutum. Mun ga abin da gubar darma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Ina roƙon kada kowa ya karanta wasiƙar nan ya je ya fasa tsohon batirin mota. A rubuta a dokar cewa curin na ƙarfe ne. Ƙarfe bai kai darma nauyi ba, kusan kashi bakwai cikin goma ne, don haka curin zai fi kauri, jirgin ya ɗan rage gudu. Tunda kowa haka zai yi, ba wanda aka cuta, kuma mai walda na bakin titi zai iya fere guntun rodi ko tsohon shaf ya ba shi siffa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, guda biyu ne. In wakilinku ya sake zuwa wajen wani yaro mai ƙira, ya tafi da tef, ya tambaye shi tsawon abin da nauyinsa, da me ya yi shi, mita nawa yake ci a minti ɗaya, wane ɓangare ne ya fi ba shi wuya. A buga amsoshin, don wani yaron a wani gari ya karanta ya ce zan iya fin haka. Na biyu, in jaridarku za ta ba da rabin shafi, a shirye nake in aiko da daftarin dokar da zanen jirgin mita ɗaya mai sauƙin haɗawa da filawud, tare da ma'aunin kowace siffa da bayanin yadda ake yanka ƙyalle, duka da Hausa, kyauta, ga duk malamin da ke son gwadawa da ɗalibansa.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku,
daga Lancashire, Ingila.